Zaren da Na Ɗaura Don Ya Tsinke

Da sunan Allah nike farawa, shi ne mai ruwa da abin da ke cikinshi.

Ku ɗiyana, na san abin da kunka ji. Kun ji shi bakin gwaggonninku, kun ji shi bakin rijiya, wasunku ma ranar bikinsu anka raɗa musu: wai ni Kulu na hana ubanku sarautar ruwa, na karya mishi sa'a da hannuna. Shekara da shekaru ban tanka ba. Yanzu da na koyi riƙon alƙalami a ajin manya na Wurno, da furfura a kaina, zan rubuta muku yadda anka yi, kada in mutu maganar ta rage a bakin waɗanda ba su nan ranar. Abin da sunka ce na yi, na yi shi. Dalilin ne ba su faɗa muku ba.

Kafin a datse gulbi a Goronyo, ruwanmu ruwa ne da munka san halinshi. Da damina ya cika ya malala fadama, da rani ya janye ya bar tafkuna. Wuri mafi zurfi bai wuce gaba biyu ko uku ba, namiji ya nutsa ya taɓa ƙasa ya taso numfashinshi bai ƙare ba. Gidan da anka kawo ni aure gidan masunta ne tun kakanni. Surukina, wanda muke kira Baba Sarki, shi ne Sarkin Ruwan ƙauyenmu. Ubanku Ummaru shi ne babban ɗanshi, kowa ya san shi zai gaje shi. Sai ƙanenshi Garba, saurayi mai dariya, wanda bai taɓa shiga gida bai tsokane ni ba. Ni kuwa aikina ɗaurin ƙugiya. Wurin ubana na koya a Rabah, kuma tun da na shigo gidan babu namijin da ya ƙara ɗaura tashi. Mace ba ta shiga jirgi a wurinmu, amma duk kifin da ya shigo gidan nan ta ƙullin hannuna ya biyo.

Gidan yana da doka guda wadda ba a taɓawa: ƙarfensu ba ya kwana cikin ruwa. In ƙugiya ta maƙale a saiwa ko a dutse, ba a yanke zare, ba a fizga ya tsinke. Mai ita ya tuɓe riga ya bi zaren da hannu har ƙasa ya ɓalle ta. Baba Sarki yana cewa wanda ya bar ƙarfe a ruwa ya ci amanar ruwa, kuma ruwa ba ya mantuwa. Ni dai na ga hikimar abin ta wata fuska: ƙugiyoyin dā maƙeri ke ƙera su, ana gadonsu, kuma mutane da shanu suna ratsa gulbin da ƙafa. Dokar ta dace da wancan ruwa.

Sai anka gama madatsa, ruwa ya taru. Munka tashi munka koma tudu, muna kallo ya ci gonakinmu, ya ci gawo da tsamiya har ƙololuwa. Inda nike shanyar kifi ya zama wurin da gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa. Mutane sunka yi ta murna da noman rani, ana maganar albasa da shinkafa daga Wurno har Marnona, mu kuwa masunta munka zama baƙi a kan ruwanmu. Mazan sunka yi abin da sunka sani: zare mai kauri kamar tsinken tsintsiya, babbar ƙugiya, dalma mai nauyi, su sake ta har ta zauna ƙasa, don a gulbi ƙasa kifi yake. Su wuni rana na dukansu, su dawo da gargaza uku ko huɗu. Akwai ranar da na dafa miya da ƙashin kifin jiya a gidan Sarkin Ruwa. Inna, uwar mijina, ta ɗanɗana ta aje cokali.

Ni ke kwance kayansu in sun dawo, kuma ni ke fede kifi, shi ya sa na ga abin da ba su gani ba. Dalmar tana tahowa da baƙar laka mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce a raina babu mai rai da zai zauna cikin wannan. 'Yan gargazar da sunka kamo kuwa, in na tsaga cikinsu sai in tarar da koriyar gansakuka da ɓarɓashin ɓawon itace. Na yi kwanaki ina juya abin, sannan na tare Garba yana gyaran jirgi, don shi ne zai saurare ni bai ji kunya ba.

"Garba, kifinku ya hau icce."

Ya kwashe da dariya har ya riƙe ciki. "Matar yaya, yunwa ta taɓa miki kai? To mu ɗauko gwafa mu kaɗo shi kamar tsamiya?"

"Kai dai rago ne, shi as sa har yau babu wadda tag ga ka ta so. Tsamiyar gonar Baba, ka san inda take?"

"Da ido rufe."

"To kifin yana saman rassanta yana kiwo. Ku kuna jefa mai abinci can gindi cikin laka."

Ya daina dariya.

Sati guda na yi ina gwaji a rijiyar gida. Na aiki Garba kasuwar Goronyo ya sawo min zaren roba iri uku da ƙananan ƙugiyoyi waɗanda ba su fi farcen jariri ba. Na ga mai kaurin nan yana lanƙwasa cikin ruwa, ba ya miƙewa, in an taɓa ƙugiya can ƙasa hannu ba ya jin komi. Siririn, mai kamar gashin wutsiyar doki, shi ke sauka a miƙe, ko ganye ya goge shi sai ka ji a yatsa. Na narka dalma a murfin gwangwani na ɗiga a wuyan kowace ƙugiya. Mai girman gujiya tana faɗuwa kamar dutse, ta wuce kifi bai gan ta ba. Mai girman ƙwayar dawa ba ta iya jan zaren ƙasa. Mai girman wake ita ta yi daidai, tana sauka a hankali tana rausaya. Na ɗaura mata ɗan gashin kaza fari, na naɗe wuyan da jan zaren da na zare daga tsohon zanena, a soka tana, tsutsar ƙasa, a bakin ƙugiyar. Sannan na yi ƙulli a zaren kowace gaba, na ce wa Garba ya saki ƙulli huɗu kawai, ya tsaya, ya riƙa ɗagawa yana saukarwa kamar mai rarrashin jariri. Na san tsayin tsamiyar nan, na sha kaɗa ta.

Ranar ya dawo kafin azahar da kwando cike da gargaza da ƙawara. Tun daga ƙofar gida yake ihu.

"Ina Sarkin Ruwa mai ɗankwali? Hito ki ga talakawanki!"

Baba Sarki ya karɓi ƙugiyar ya juya ta a tafin hannu. Ya yarda da gashin kaza, ya yarda da dalmar, ya yarda da ƙulli huɗu. Da ya zo kan zaren sai ya naɗa shi a hannu biyu ya fizga, ya tsinke.

"Wanga ba shi shiga jirgina," in ji shi. "Zaren da ka barin ƙarhe cikin ruwa ba namu ne ba. Ki sa matsakaicin."

Na ce, "Baba, rassa ne a ƙasan nan. Za ta riƙa maƙalewa."

"In tam maƙale a cire ta. Yau anka fara?"

Na sa matsakaicin. Yana kama kifi, ko da bai kai siririn ba, kuma ba ya tsinkewa ko ƙato ya ja. Wata biyu gidanmu yana ƙamshin banda. Masu sayen kifi daga Rara sunka fara sallama a ƙofarmu. Ƙugiya ta maƙale sau da yawa, mazan sunka nutsa sunka ciro, su taso idanu jajur, kunnuwa na ciwo, suna dariya.

Ran wata Talata da hantsi ta maƙale wa Garba a kan tsamiyar nan. Ubanku yana jirgin tare da shi. Ya ce Garba ya tuɓe riga, ya ce mishi, "Riƙe min zaren, yaya, yanzu ni ka tasowa," ya faɗa. Ubanku ya ji motsinshi a zaren yana sauka, ƙulli ɗaya, biyu, uku. Sai zaren ya yi rawa da ƙarfi. Sai ya tsaya. Ubanku ya bi shi sau uku, duhu ne da rassa, da tsofaffin zaruruwan raga da sunka sarƙe a ciki. A na ukun shi ma da ƙyar anka jawo shi, jini na fita ta hancinshi. Sai rana ta uku ruwa ya ba mu Garba.

Ba zan rubuta muku yadda Inna ta yi ba. Zan dai faɗa muku abin da na ɗauka a wuyana tun ranar: ni na ce kifi ya hau icce. Ni na nuna mishi tsamiyar. Ba wanda ya taɓa faɗa min haka a fuska, ban kuma buƙaci a faɗa min ba.

Bayan sadakar bakwai na sami ubanku a ɗaki da safe yana shirin fita.

"Malam, ka bari in sa siririn. In tam maƙale ta tsinke, ka taho gida."

"Baba ya hana."

"Baba ba shi ka nutsawa ba yanzu."

"Kulu, ki iya bakinki. Ajali ne yak kai Garba, ba zare ba."

"Na yarda da ajali. Amma ajalin nan da zare ya jawo shi ƙasa, kuma ni niɗ ɗaura zaren."

Ya ce in ya yanke zare a gaban mutane, da wane ido zai kalli masunta ranar da za a naɗa shi? Na ce da idon mai rai. Ya ɗauki filafilinshi ya fita.

To a nan na yanke shawara, ni kaɗai, ban shawarci kowa ba. Na ɗauki reza. Kowace ƙugiya, kafin in naɗe wuyanta da jan zare, sai in kankare zaren robar daidai bakin ƙullin, har ya rage kamar rabi, sannan in rufe wurin da naɗi da gashin kaza. Na gwada a bayan ɗaki: yana ɗaga ƙwarya cike da ruwa, amma in na rataya tulu sai ya tsinke. Gargaza ba ta fi ƙarfinshi ba. Icce ya fi. Na san ha'inci ne. Na san ina cin amanar mutumin da yake karɓar kayan aiki daga hannuna ba ya ko dubawa. Na yi salla, na roƙi gafara, na koma na ci gaba da kankara.

Ubanku ya fara dawowa yana ƙunƙuni. Ƙugiya ta maƙale, ya ja kaɗan don ya ji inda take, sai zare ya taso fayau babu komi. Babu zaren da zai bi, babu dalilin nutsawa. Ya zagi 'yan kasuwar Goronyo, ya ce ruɓaɓɓen zare suke sayarwa. Baba Sarki ya yi ta tofa addu'a a kayan. Ni ina tsugune ina fede kifi, kaina a ƙasa. Wata uku ubanku bai jiƙa kanshi ba.

Abin da ya tona ni giwan ruwa ne. Ubanku ya kama 'yar gargaza yana jawowa, sai giwan ruwa ya haɗiye ta. Waɗanda ke kusa sun ce da ya juyo saman ruwa ya kai tsayin mutum. Irin kifin da ake ba masunci labari a kanshi har jikoki. Ubanku ya bi da shi a hankali, ya san aikinshi, jirage sunka kewaye ana kabbara, har ya kawo shi gab da jirgi an ɗaga mashi za a soke shi. Zaren ya tsinke.

Ya shigo gida da la'asar bai yi sallama ba. Ya wuce inda nike aje kayan ɗauri, ya ɗauki ƙugiya sabuwa, ya warware jan zaren a hankali a tsakar gida, gaban Inna da Baba Sarki. Ya ɗaga ta ga rana. Ya warware ta biyu. Ya warware ta uku.

"Kulu. Mi ne ne wanga?"

"Abin da kag gani."

"Tun yaushe?"

"Tun bakwai ɗin Garba."

Baba Sarki ya miƙe da sandarshi. "Ƙarhe nawa kika bar min cikin ruwa, ke ɗiyar nan?"

"Ban ƙirga ba, Baba. Ɗa guda dai na san an bari, shi ma ruwa ya maido muku. Ba ni son a kai na biyu."

Wannan magana ita ce laifina na gaskiya, kuma ita kaɗai nike nadama. Tsoho ne da ya binne ɗanshi, bai kamata in soke shi a nan ba. Inna ta rufe fuska da mayafi. Ubanku ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce in tafi gidanmu, ya sake ni saki ɗaya. Na goya ƙanwarku Luba, lokacin tana nono. Ku ukun manya kuna tsaye bakin rumbu. Ba ku yi kuka ba, kallona kawai kunka yi, kuma na san irin labarin da za a ba ku in na fita. Shi ne kuke riƙe da shi har yau.

Na zauna Rabah wurin ubana. Bai goyi bayana ba. Ya ce, "Kin yi daidai a ruwa, kin yi kuskure a tudu." Kullum da hantsi, lokacin da na san jirage sun kai kan itatuwa, sai abinci ya ƙi shiga bakina. Na san yanzu ubanku da kanshi yake ɗauri, kuma na san ɗaurinshi, ko raƙumi ba ya tsinka shi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce ga mai kawo labari.

Cikin wata na uku, wata Laraba bayan la'asar, ubana ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da ubanku zaune a kan tabarma, ya rame, takalmanshi duk ƙura. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi. Ya amsa yana kallon ƙasa. Ubana ya tashi ya ba mu wuri.

"Ta maƙale shekaranjiya," in ji shi.

Na ɗago kai na dube shi.

"Kan tsamiyar."

"Ka nutsa?"

"Na tuɓe riga. Na sa ƙafa guda cikin ruwa. Jirage bakwai suna kallo, har da na Baba, ranar ya ce a hito da shi ya ga ruwa." Ya shafa gwiwarshi. "Zaren yana hannuna, sai nij ji yana rawa. Iska ce, na sani. Amma irin rawar ranar ce. Na zauna ina riƙe da shi har rana tat taho tsaka. Baba yana kira, Ummaru, mi kake jira? Ummaru!"

"Sai mi?"

"Sai niz zaro wuƙa."

"Da hannunka?"

"Da hannuna. Gaban kowa."

Ya ce Baba Sarki bai yi faɗa ba. Ya ce a juya jirgi a mai da shi gida. Washegari ya tara masunta a ƙofar gida, ya kira ɗan ƙanenshi ya ɗora mishi hannu a ka, ya ce ga wanda zai riƙe ruwa bayanshi. Ubanku yana tsaye cikin taron, anka shafa fatiha da shi.

Na so in ce wani abu mai sanyi, ban samu ba. Ban iya irin wannan magana ba, kun sani. Abin da ya fito bakina shi ne, "In na koma, ba ni ɗaura zaren da ba ya tsinkewa."

"Na sani. Amma ba ni son reza, ba ni son ɓoyo. Ki sa siririn a fili, taƙi ɗaya daga ƙugiya, kowa shi gani."

"Za su yi ma dariya."

"Sun riga sun yi. Ɗauko ɗiyar nan mu tahi, kada mota ta ƙare."

Haka na koma. Baba Sarki bai ƙara amsa gaisuwata ba har ya bar duniya, ni kuwa ban fasa durƙusa mishi kowace safiya ba. Ubanku bai taɓa ce min na yi daidai ba, ko sau ɗaya, kuma in ana kiɗan masunta a gari yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Na ga abin yana cinshi, ban yi kamar ban gani ba. Shi ya haifu don wannan sarauta, tun yana yaro ake kiranshi da ita, kuma ta wuce shi ta tafi wani gida inda take har yau. A hankali sauran masunta sunka fara aiko matansu su ga yadda nike ƙulla siriri a jikin matsakaici, suna cewa wai don kifi ya fi cin shi ne. Na koya musu, ban tambaye su komi ba.

Ubanku ya yi su har ƙarfinshi ya ƙare. Ya aurar da ku duka, ya yi wa ɗiyanku huɗuba a kunne. Ya rasu da tsufa a kan shimfiɗarshi, da rana tsaka, kanshi bisa cinyar babbanku, ana laƙƙana mishi kalmar shahada yana amsawa. Ba a shiga jirgi neman shi ba. Ku kunka wanke shi, ku kunka ɗauke shi a kafaɗa.

Sarauta ce kunka rasa ta dalilina. Ku zauna ku auna ta da abin da kunka samu, sannan ku faɗa wa ɗiyanku duk wanda kunka ga ya fi nauyi.